Igiyar Lawali da Minti Bakwai na Kornaka

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Lawali makwancinsa a nan Dakoro, amma shekaranjiya sai da na yi masa magana da ƙarfi kamar yana zaune gefena. Rediyo nake saurare, wasu samari biyu suna ta cacar baki a kan yadda ake ƙirga jerin kaye na ƙungiyoyin ƙwallo na jami'o'i a ƙasashen waje. Wai in an yi kunnen doki jerin ya tsinke ko bai tsinke ba? In ƙungiya ta ƙi zuwa fili, a ƙirga mata ko a ƙyale ta? Na buga cinya na ce, "Lawali, tashi ka ji yara suna lalube a gonarka!" Mai ɗakina ta leƙo ta ga ni kaɗai ne, ta girgiza kai ta koma.

Lawali abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko, ɗan mai haƙar rijiya. Shekarun farko bayan samun 'yancin kai aka tura mu kolej a Maraɗi, mu 'yan ƙalilan daga wannan yanki. In an ba da hutu sai mu hawo kamiyo, babbar motar kaya, mu dawo gida da balo, wato ƙwallo, na fata da takalman roba, muna tafiya muna ɗaga kafaɗa, mu a dole manyan gobe. Muka kafa ƙungiya, muka aika wa garuruwa goron gayyata. Kai, ina ma ba mu aika ba! Manoman Birnin Lalle, ƙafa ba takalmi, suka yi mana dukan kawo wuƙa. Na Kornaka suka maimaita. Mu mun iya sunan kowace doka da Faransanci, su kuma sun iya gudu cikin rairayi.

Lawali ne gardiyan ɗinmu, mai tsaron gida, kuma shi ne ya ɗauko wata tsohuwar igiyar guga ta babansa ya ce duk kaye ƙulli ɗaya. Ran da muka yi nasara, a gaban jama'a zai kwance su duka. Yana da dokokinsa, ba ya kuma sassautawa. Akwai ranar da kamiyo ya kafe da mu cikin rairayi ba mu isa fili ba. Muka ce wannan ai ba wasa ba ne, ya ce mutane sun jira mu har rana ta faɗi, ya ɗaure ƙulli. Akwai ranar da muka yi kunnen doki da 'yan kasuwa, muka yi ta tsalle. Ya ce ba zai ƙulla ba, ba zai kuma kwance ba, don wanda bai faɗi ba bai kayar da kowa ba. Kafin hutu na uku ƙulli tara ne a igiyar, kuma mata a bakin rijiya sun fara tambayarmu nawa aka kai.

Sai ranar Kornaka, bayan kaka, ran kasuwa. Jama'a, ku bar ni in faɗi wannan da bakina, don shi kaɗai nake da shi: ni na ci! Ni, mai tsaron baya da ake yi wa dariya wai ƙafafuna biyu duk na hagu ne. Balo ya taso daga bugun kwana, ya bugi gwiwata, ya shige. Ban taɓa ci ba kafin nan, ban sake ci ba har na tsufa. Lawali kuwa ranar ko ƙuda bai wuce shi ba, yana ta shawagi cikin ƙura yana ihu. Mushe Abdu (haka muke kiran malamai da Faransanci), malamin lakwal da ke alƙalanci, shi kaɗai ke da agogo a filin. Ya duba ya ce saura minti bakwai.

Ashe filin nan a kan burtali aka shata shi. Sai ga garken shanu da raƙuma daga wajen Azagor sun gangaro za su rijiya, da ƙishirwarsu. Wa zai tare su? Suka ratsa fili, suka tumɓuke sandunan gida, 'yan wasa da 'yan kallo kowa ya yi ta kansa. Kafin ƙura ta lafa an kira magariba, 'yan Kornaka sun watse. Mushe Abdu bai hura usur na ƙarshe ba.

A kamiyo aka ɗaga ni sama ana waƙa. Na ce, "Lawali, fito da igiya!"

Ya ce, "Issa, wasa bai ƙare ba. Saura minti bakwai."

"Shanu ne suka hana, ba mu ba!"

"To shanu ba su ci mu ba, mu ma ba mu ci Kornaka ba tukuna."

Wallahi na ji zafin maganar nan har cikin ƙashina. Ci ɗaya tak a rayuwata, abokina ya hana shi zama nasara. Wata biyu ban yi masa magana ba a kolej. Bayan nan muka ƙara shan kaye huɗu, ƙungiya ta watse, aiki ya raba mu, ya sake haɗa mu. Muka yi aure, muka yi jikoki, amma duk sallah in na je gaishe shi sai na ce, "Alhaji, ina nasarata?" Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Tara 'yan Kornaka mu ƙarasa."

Da yana raye ya ji samarin rediyon nan, na san abin da zai ce: kafin ku ƙirga, ku fara yarda da dokar da za ta cuce ku ku ma. Shi ne fa mai tsaron gida, kusan kowane ƙulli a igiyar nan ta hannunsa balo ya wuce. Babu wanda ya fi shi son a kwance ta, amma ya ƙi ya saya wa kansa sauƙi da minti bakwai. Na daɗe ban gane haka ba, ina ta kukan cina.

Bayan sadakar arba'in, 'yarsa Hadiza ta zo da ƙunshi ta durƙusa ta ce, "Baba Issa, ya ce a ba ka." Igiyar ce. Na ƙirga, ƙulli goma sha uku, sun yi tauri kamar dutse. Amma tsakanin na tara da na goma akwai wani zarge sako-sako wanda ban taɓa sanin da shi ba. Hadiza ta ce, "Ya ce wannan naka ne. In ka ga dama ka kwance, ya yafe maka minti bakwai ɗin."

Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa. Shekara da shekaru ina roƙon abin nan, ga shi an sa mini a hannu. Igiyar tana rataye a ɗakina yau, zargen yana nan yadda ya bar shi. In na kwance, an tashi wasa ke nan, kowa ya kama hanyar gida. Ni kuwa na fi son a bar mu a filin Kornaka, muna gaba da ci ɗaya, Lawali yana tsaron gida. Allah ya jiƙanka, gardiyan. Saura minti bakwai.