Dogon Hijabina da Sabon Kwalekwalena

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a kudancin Landan, na haura arba'in, ina zaune a Thamesmead da maigidana da yaranmu. Mace ce ni mai saurin hawa, kowa ya shaida, kuma idan na sa abu a gaba sai dai a kauce mini. A Yauri aka haife ni, gidan masunta, tun ban iya ɗaura zani da kyau ba nake tuƙa kwalekwale in kai wa babanmu abinci a tsibiri. Sai ga ni a ƙasar da nake hango kogi kullum ta taga amma ba ni da halin taɓa shi, daga gida sai bas, daga bas sai ɗakin marasa lafiya. Kewar ruwa ta ci ni har agwagi na fara ba ni haushi.

Wata rana ina hutun cin abinci na ga bidiyon wani sabon kwalekwale da aka fitar a shekarar. Gajere ne, na mutum ɗaya, ja wur, an ƙera shi don ruwa mai gudu da kumfa da ke ratsa duwatsu. Ba zama ake yi a ciki ba, durƙusawa ake yi, a ɗaure cinyoyi da maɗauri. Wallahi zuciyata ta tafi, ban yi shawara da kowa ba na yi oda. Ranar da aka kawo shi ya toshe mana hanyar kicin, maigida ya zagaya shi yana tambaya ko daga yau kifi za mu koma ci, ya laƙaba mini Sarkin Ruwa. Yara kuwa dariya suke yi suna ɗaukar hoto.

Maƙwabciyata, wata tela 'yar zangon Kumasi da nake kira Yaya, ita ce mai motar ɗaukar kaya. Ita ta kai ni wani wurin koyo a arewacin Landan, inda aka gina kogi da hannu, injuna na turo ruwa da ƙarfi. Na saka rigar da ke hana nutsewa, sai na ga ta ɗame ni, ga maza ko'ina. Na ɗauko dogon hijabina mai kaiwa gwiwa na zuba a kai, na ɗora hular kwano. Malamar wurin, wata matashiyar Baturiya, ta matso cikin ladabi ta ce ba zan shiga da wannan mayafin ba. Ban bari ta ƙarasa ba. Na wanke ta tas, na ce addinina ne ya tsone mata ido, na ce a garinmu mata na ƙetare kogin Kwara da zani da mayafi da goyo. Yaya tana jan hannuna tana cewa Hajiya a dai saurari dalili, ni kuwa na riga na hau dokin zuciya, na ce mu tafi.

Taurin kai ya sa washegari na matsa wa Yaya ta kai ni wani ƙaramin kogi a bayan gari, inda ruwa ke matsewa yana gudu, ba malami ba mai hana ni. Da farko abin sai wanda ya gani. Kwalekwalen ba nauyi, da na ɗan taɓa ruwa da filafilin tuƙi sai ya juya, ina ta yi wa Yaya ihu ta kalle ni. Abin da ban sani ba, namu na gida dogo ne mai nauyi, yana yafe kuskure, wannan kuwa ba ya yafewa. Na karkata ta inda bai kamata ba, kafin in ce wani abu kaina na ƙasa. Sanyin ruwan ya daki ƙirjina, hijabin ya tashi ya lulluɓe mini fuska ya manne a hanci da baki. Na lalubi maɗaurin cinya na zare ƙafafuna, rigar ta ɗago ni sama, amma gefen hijabin ya sarƙe a reshen wata bishiya da ta faɗo cikin ruwa. Ruwa na jan jikina gaba, ƙyalle na jan wuyana baya. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, na ga yarana a idona. Allah ya taimake ni ban buɗe baki ba, na riƙe numfashi yadda muka saba tun muna yara, na ɓalle hular, na sunkuyar da kai na sulale daga cikin hijabin na bar wa bishiyar.

Na fito gaɓa ina kakarin amai, kaina a buɗe, ga wasu maza masu yawo da karnuka sun taru sun kamo mini kwalekwalen. Kunyar da na guda ta same ni ninki. Yaya ta yafa mini gyalenta tana kuka tana zagina, ta ce da na mutu me za ta gaya wa mijina.

Maigida ya ce a sayar da abin nan, ni ma na kusa yarda. Amma duk lokacin da na wuce shi a hanyar kicin sai in ji ba ruwan ne ya kayar da ni ba, fushina ne. Na koma wurin malamar nan na ba ta haƙuri, na ce yanzu ta faɗa mini abin da na hana ta faɗa. Ta ce ita ba ruwanta da rufe kai, abin da ke reto ne take tsoro, ko igiya ce ko gyale. Daga nan muka zauna da Yaya a gaban kekenta. Ta ɗinka mini hula mai kama kai da wuya wadda ake cusa bakinta cikin riga, da riga mai kauri har cinya, da wando mai faɗi da aka tsuke a idon sawu. Malamar ta ja nan ta ja can, ta sa aka rage wani wuri, sannan ta yi ta kifar da ni a ruwa mai kwanciya har na iya fita ido rufe.

Ranar da aka bar ni na bi babban ruwan, maigida da yara da Yaya duk suna kan gada. Na yi bisimilla na tura. Igiyar ruwa ta farko ta mare ni a fuska, na dage. A gangare mafi girma hancin kwalekwalen ya nutse, ya karkata, na kafa filafili na danna gwiwa ya miƙe. Da na isa ƙasa a durƙushe daram, a rufe ruf, na ɗaga filafili sama na rangaɗa guɗar da ta sa Turawan wurin suka juyo. Yaya ta amsa mini daga kan gada, maigida kuwa sai nuna ni yake yi wa mutanen da bai sani ba yana cewa matarsa ce. Na yi kukan daɗi, ba na ɓoyewa.

'Yan'uwana mata, abin da na koya shi ne ba duk wanda ya yi magana a kan suturarmu ne maƙiyi ba. Akwai masu yi da gangan, na sha haɗuwa da su, amma a tambayi dalili kafin a hau. Kada ku shiga ruwa mai gudu ba mai koyarwa, ko a cikin kwalekwale aka yanke muku cibi, kuma kada ku shiga da abin da ke reto. Sutura da ruwa ba sa faɗa, ɗinki ne kawai ake gyarawa. Yanzu matanmu sun fara zuwa koyo, kuma ni nake tare duk wadda ta zo da dogon hijabi. Wasu sukan yi fushi, har wata ta tambaye ni ko ni Musulma ce. Nakan bar mace ta gama faɗanta tsaf, sannan in ja ta gefe in ɗaga haɓata, in nuna mata tabon da ƙyallen ya bar mini a wuya.