Tokar Kabaid

Shekarun baya, a zamanin da aka ƙara wa ma'aikata albashi motoci suka cika Kafanchan, ina da rumfar gyaran jikin mota. Maƙwabcina a sana'a mutumin Fadan Kagoma ne, tare muka koyi aiki. Da kabaid muke walda a lokacin, in ya ƙone sai ya bar farar toka mu zubar a bayan rumfa. Mata kan zo su ɗiba su shafe bango da ita.

Tulin tokarsa ya ninka nawa. Ban taɓa leƙa rumfarsa don in ga yawan aikinsa ba, tulin nan ya ishe ni. Ina alwala ina satar kallonsa, Allah Ya yafe mini. Da Kirsimeti ta matso, duk gidan da na gani ya yi fari sai in ce a raina, wannan ma aikinsa ne.

Ranar da abin ya kai mini wuya, mahaifiyata ce ta zo da kwano, ta wuce nawa tulin ta ɗibi nasa. Na ce, "Inna, nawa fa?"

Ta ce, "Naka ko ɗakin kaji ba zai shafe ba."

Washegari na karya farashi. Motocin citta daga Kachia suka dawo wajena, wutar walda ba ta mutuwa, tulina ya yi ta tashi. Ban lura ba cewa kowace mota da ta shigo tana tafiya da nata kabaid, da fenti, da samfefa, farashina kuwa bai ɗauke su ba.

Wata Laraba ina tsakiyar haɗa ƙofar wata babbar mota wuta ta mutu. Gangar kabaid wayam, ba ni da halin sayen wata, direba yana tsaye a kaina yana cewa zai kai aikin gaba.

Sai ga maƙwabcina da gwangwani cike da kabaid. Ya ajiye ya ce, "Malam, gama aikin mutum. Kai kana kallon toka, ni kowace mota ta fita ina leƙa ganga."

Na yi godiya, amma har ga Allah kyautar ta fi tulin yi mini ciwo.

A wannan shekarar, da tokata Inna ta shafe ɗakinta, har ta raba wa maƙwabta. Yanzu maƙwabcin nawa ya rasu, ina tuna shi da alheri. Duk da haka, in na ga farin bango a garin nan, zuciyata takan tambaya tokar wane ce.