Tsintsiyar Hannun Inna

A gidanmu sabis ɗin waya ba ya saukowa ƙasa. A tsakar gida babu shi, a zaure sai ya leƙo ya koma. Wuri ɗaya yake zama: saman soron Baba, kusa da indararo, inda ake shanya kuɓewa da barkono. A can na yi karatun share fagen shiga makarantar koyon aikin jinya, shekarar da na gama sakandare.

Sakamakona ya yi kyau in ban da ilimin halittu, wanda muka daɗe ba mu da malaminsa. Kawuna da ke koyarwa a Bici ne ya samo mini hanya. Ya ce akwai kwas da ake yi ta waya a kan jikin ɗan Adam, wanda ya ci a ba shi shaida, da ita zan nemi shiga makarantar. Wanda ya faɗi kuwa sai ya jira baɗi. Ya ba ni tsohuwar wayarsa mai tsaga a kusurwa ɗaya, tsagar da ta saba bi ta kan kunnen duk wanda ke magana a hoton.

Kullum bayan azahar sai in hau tsani da tabarma da littafi. Daga sama ina hango gonaki manne da juna har ƙauyen gaba, ba ka gane iyakar ta wani sai da layin jema ko wata ɗorawa. Da na fara karatun, gero bai kai gwiwa ba. Ina kallonsa ya yi ciki, ya fitar da kai, tsuntsaye suka fara sauka, ni kuma ina haddace sunayen ƙasusuwa.

Karatun ya yi mini daɗi don babu mai ganina. Kyamarata a rufe take, muryata ma haka. Na san 'yan ajinmu ta abin da ke bayansu: mai labule kore, mai zakara da ba ya gajiya da cara, da wata da kullum ake kiranta ta zo ta duba tukunya. Su ba su san ni ba sai harafin farko na sunana a cikin da'ira. Idan Malama ta yi tambaya nakan rubuta amsa in tura, in ta ce "Wa ya rubuto wannan? Ta yi magana mana," sai in yi lamo har ta wuce.

Malama ma'aikaciyar jinya ce, ba Bahaushiya ba. Da Turanci take koyarwa, amma tana da Hausar da ta tsinta a asibiti, irin ta "ina ke ciwo" da "kwanta nan". Dab da girbi ta sanar da jarrabawar ƙarshe. Ban da rubutu, kowa zai buɗe kyamara da murya, ya kawo babban mutum guda, ya gaishe shi, ya nemi izini, ya auna bugun jininsa a tsintsiyar hannu tana kallo. Wanda hotonsa ya tsaya ko muryarsa ta ɗauke za a tsallake shi, don mutane da yawa ne a layi.

Ni 'yar fari ce. Tun da aka yaye ni nake ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Inna, mahaifiyata, ɗakinta na kallon namu, amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta aike ni sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa 'yar Iya ta miƙo matankaɗi," ko da ina tsaye a gabanta. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni. Haka ake yi, ban taɓa ɗaukarsa komai ba. Na dai lura cewa duk ranar da aka yi dambu, kwanon ɗakinmu ya fi na kowa mai.

Saboda haka da Iya na koyi aikin. Yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a ƙasan babban yatsa, ido a kan agogon Baba.

"To likitar awaki, me kika jiyo? Zan kai baɗi?"

"Iya, ki yi shiru, kina ɓata mini lissafi."

"Au, jinina ne, bakina ne, kuma ke ce mai doka? Allah Ya sa ba a hannunki zan kwanta ba."

Abin da ban yi tunani ba shi ne tsani. Ranar jarrabawa, da na ce mu hau, Iya ta ɗora ƙafa a matakin farko, ta dubi sama, ta sauke.

"Gwiwar nan ko gado da dabara take hawa. Ki ce wa sabis ɗin ya sauko, ni na girme shi."

Baba ya tafi kasuwar Tsanyawa tun safe, ƙannena yara ne, maƙwabta duk suna gona wajen yankan gero. Na hau ni kaɗai, na jingina wayar da dutse, na zauna ina sauraron 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya. Mai labule kore ta kawo yayanta, ya yi ta dariya. Saura mutum biyu a zo kaina sai na ji tsani yana ƙara.

Inna ce, da faifai a hannu. Ba ta dube ni ba. Ta ce, kamar da kuɓewar take magana, "Wannan in ba a juya ta ba sai ta yi baƙi." Ta tsuguna ta fara juyawa, tana matsowa kaɗan-kaɗan, har ta zauna a bakin tabarmata, rabin jikinta a kan ƙasar soro. Ta ja mayafinta ta rufe goshi. Sai ta ajiye hannunta na dama a kan gwiwa, tafin yana kallon sama, daidai yadda nake sa Iya ta yi. Ashe duk kwanakin nan tana gani daga bakin murhu.

Aka kira sunana. Na buɗe kyamara, na ga fuskata da tata a 'yar taga ɗaya. Ban taɓa ganinmu tare ba. Hancinmu ɗaya.

Na gaishe ta da Turanci kamar yadda aka koya mana, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Malama ta yi murmushi, ta juya Hausa don ta kyautata mata.

"Sannu Mama. Kin yarda ta taɓa ki?"

Inna ta gyaɗa kai.

"Yawwa. Wannan yarinya, mene ne sunanta? Faɗa mini, in tabbatar ita ce."

Inna ta sunkuyar da kai. Ko ƙifta ido ba ta yi. Malama ta sake tambaya, ta ƙara murya. Shiru. Wata iska ta zo ta ɗaga gefen tabarma, amma wannan bai shiga hoton ba. Na ji Malama ta ce da Turanci, "Hotonsu ya tsaya. Bari mu je kan ta gaba."

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ina kaɗawa ba.

"Malama, ba sabis ba ne! Muna nan!"

Har wata kurciya ta tashi daga indararo. Na ci gaba, Turancin yana fita yana tuntuɓe. Na ce mahaifiyata ce, ni ce 'yarta ta fari, a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba don ta manta ba, kunya ce. Mai zakara ta buɗe muryarta ta ce gaskiya ne, ita ma babarta "ke" take ce mata har yau. Wasu suka yi dariya, irin ta waɗanda suka san abin.

Daga ƙasa kuwa Iya, wadda ashe ta kafa kujera a gindin tsani, ta ƙwala sunana cikakke, da na Baba, da na kakana, har da unguwarmu.

"Ta ji, ko in ƙara? Ni na raɗa wa yarinyar sunan kafin liman!"

Malama ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ba Inna haƙuri, ta ce in ci gaba.

Na ɗora yatsuna biyu. Fatar wurin tana da laushi, ba kamar tafin da taɓarya ta taurara ba, ga wani ɗan tabon ƙuna da ban san da shi ba. Ban wahala wajen nema ba, bugun yana nan sarai, yana sauri. Na ƙirga ina kallon agogon Baba, na faɗi abin da na samu. Malama ta ce ya ɗan haura na mai hutawa, me nake gani ya jawo?

"Yanzu ta hau tsani," na ce. "Kuma ga rana. Ya kamata in bar ta ta huta in sake aunawa."

"Madalla. Sake."

Muka zauna jiran ta huta, hannunta a cikin nawa, ita tana kallon gonaki, ni ina kallon agogo. Daga nesa ana jin masu yankan gero suna kiran a kawo ruwa. Da na sake aunawa ya sauko, amma kaɗan. Malama ta rubuta wani abu ta kira ta gaba.

Inna ta zare hannunta, ta ɗauki faifanta babu ko kuɓewa ɗaya a ciki, ta sauka.

Saƙon sakamakon jarrabawar ya shigo bayan an gama ɗaure dammuna. Na karanta shi a sama sau biyu, na sauko na faɗa wa Iya cewa na ci, da ƙarfi yadda zai kai bakin murhu. Iya ta rangaɗa guɗa, ta ce yanzu sai ta fara ɓoye hannunta. Inna ba ta juyo ba, tana ta tuƙa tuwo. Can ta ce wa ƙanwata, "Ce wa 'yar Iya, in za ta tafi makarantar, ta bar agogon babanta. Akwai nawa agogon a cikin kwalla."