Mutumin da Ya Mayar wa Alhaji Faifai

A watan Maris na 1998 na fara ganinsa, a ofishin ƙungiyar manoma inda nake akawu. Maigandi sunansa, mutumin Salka. Dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare, yana goge hannu a riga kafin ya taɓa kwamfuta. Shi ke kula da manhajar kyauta da ke riƙe sunayen masu karɓar taki.

Shugabanmu, Alhaji Jumare, ya miƙa masa faifan sabuwar manhajar da ta fito. Maigandi ya jujjuya shi, ya mayar masa a gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, ba zan sa ba. Damina ta kusa, wannan kuwa ba a gwada ta ba. Tsohuwar har yanzu masu ita suna gyara ta, ni ma ina tsaye a kanta."

Ban taɓa jin an ce wa Alhaji a'a ba. Ina zaton Maigandi ya taɓa ganin sunayen jama'a sun ɓace a gabansa.

Ranar aka sallame shi, wani daga Minna ya zo ya sa sabuwar. Maigandi ya koma Salka gyaran rediyo. Har ya rasu, duk sanda muka haɗu a kasuwa, kafin mu gama gaisawa yakan tambaye ni ko sunayen mutanen suna nan.