Malam Sumani da Naman da Na Mayar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, ƙanwata Kulsum ta bugo mini waya daga unguwar Old Trafford ta Manchester cewa mijinta, Malam Sumani kafinta, ya rasu bayan jinyar kwana tara. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Malam, mutane suna ta faɗin alherinka, kuma gaskiya suke faɗa. Da maigidana ya rasu, kai ka zo unguwarmu Small Heath ka gyara mini tagogin da sanyi ke shigowa, ko shayi ka ƙi tsayawa ka sha. Duk Babbar Sallah kai kake tuƙo mota daga Manchester ka kawo mana cinyar layyarka.

Shekara huɗu ke nan ina mayar maka da naman nan.

Dalili, ka karɓi aikin gyaran rufin tsohuwar cocin Otodoks ta Girkawa. Na ce Musulmi ba ya ɗaga guduma a irin wannan wuri. Na faɗa a gaban 'ya'yana, na hana su zuwa gidanka, don ni ban raini yara da sakaci ba. Amsarka ɗaya ce: “Yaya Zuweira, ruwa ne ke zubo wa tsofaffi a ka.” Kowace shekara sai ka sake zuwa, na sake tsayar da kai a bakin ƙofa.

Bayan sadakar bakwai na je na ga wurin da idona. Wani dattijo mai gadin cocin, Tomas, ya buɗe mini. Ya ce fataken yadi ne daga ƙasarsu suka gina ta, fiye da shekara ɗari da suka wuce. Manyan ginshiƙai a ƙofa, bango mai kauri, ga wani shinge na katako cike da hotuna da ya raba gaba da wurin jama'a. Ban ɗaga ido na kalli hotunan ba. Amma na kalli kubbar. Hayaƙin kyandir ya baƙanta tsofaffin katakanta, naka sababbi kuwa farare ne, ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya kai ni ɗakin ajiyar kaya a baya, ya nuna mini wata 'yar kibiya da ka zana da fensir a ƙasa. Ya ce nan kake sallar azahar, kuma ya hana a goge ta. Na duba, alƙibla ce daidai.

Har yau ban ce aikin ya halatta ba, wannan na malamai ne. Amma hukuncin yanke zumunci na sani, ni nake koya wa 'ya'yana shi. A wurin jana'iza an ce duk wanda ka yi wa laifi ya yafe maka. Ba wanda ya tambayi wadda ta yi maka. Yara, ku ji: kada ku jinkirta neman gafara.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarka Faridatu da dangi na Kumasi, Allah Ya ba su haƙuri.

Kulsum, bana ni zan kawo naman Sallah. In kin tsayar da ni a ƙofa, zan tsaya.