Wadda Ta Gama Wasan Fitila

Sama da shekara ashirin abokaina a Makarfi suna kirana Sarkin Fitila, kuma ban taɓa hana su ba. Idan aka kira ni da sunan a gaban baƙo har gyara zama nake yi, ina jiran ya tambayi asalin sarautar. Sarauta ce ta wasan kwamfuta, kuma ba tawa ba ce.

Mahaifinmu ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Wata shekara aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis, sai ga shi ya dawo gida da kwamfuta ɗaure a bayan mashin, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, wai don in koyi buga takardu. Aka ajiye ta a shagona, ɗakin samari da ke jikin zaure. Takarda ɗaya na taɓa bugawa, ita ma sunana ne sau goma. Abin da ya ɗauke min hankali wani wasa ne da na tarar a cikinta. Mutum ne riƙe da fitila da takobi a wani tsohon gini na ƙarƙashin ƙasa, yana neman hanyar fita kafin man fitilar ya ƙare. Sunan wasan na Turanci ya yi mana tsawo a baki, sai muka sa masa wasan fitila.

Kullum bayan la'asar, in an yi sa'a akwai wuta, samarin unguwa sai su cika shagon, wasu a kan katifa, wasu a tsaye suna leƙe ta kafaɗata. Ni ne mai kujera tunda kwamfutar gidanmu ce. Amma gaskiya hannuna bai kai bakina ba. A mataki na uku na maƙale, wajen wata gada da ke rushewa, na yi kusan wata guda ina faɗawa rami ɗaya.

A gidanmu, kamar sauran gidajen unguwar, mace ba ta zama a shagon samari. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki, kowa dai ya sani. Mutum ɗaya ce ke shiga, ƙanwata, autar gidan, wadda muke kira Auta. Shekarunta sha biyu a lokacin, kuma shara ce ke kai ta, da hantsi bayan na fita makaranta ko gonar rake. A wannan zamanin da hantsin aka fi kawo wuta.

Wata rana na kunna wasan sai na ga mutumin nawa tsaye a ƙetaren gadar. Na ɗauka kwamfutar ce ta gaji da ni ta tsallakar da ni. Bayan kwana biyu na same shi a mataki na biyar, fitilarsa cike da mai. Da na sunkuya sai na ji ƙamshin man ƙuli a jikin maɓallan, ga kuma tsintsiya jingine da ƙafar teburin, rabin ɗakin a share, rabi ba a share ba. Na gane. Ban yi mata faɗa ba, ban kuma yaba mata ba. Na yi shiru ne saboda da la'asar samari za su zo su ga inda aka kai, kuma sunana ne a kan wasan da aka ajiye. Suna tafa min ina cewa ai abin na buƙatar nutsuwa ne.

Wata ranar Asabar na kai rabin hanyar gona na tuna na bar adda a gida. Na juyo. Ina ɗaga labulen shagon na tarar da Auta a tsaye da tsintsiya a hannu, kanta a sunkuye kamar mai shara, idonta kuwa yana kan gilashin kwamfutar. Wata ƙatuwar ƙofa ce ke buɗewa a hankali, haske na shigowa ta cikinta, wani mai gadi na dutse ya koma gefe ya tsaya. Na san ƙarshen wasan ke nan. Na faɗa kan kujera na ja allon maɓallan gabana, na ce mata ba tare da na kalle ta ba, "Je ki kawo min ruwa."

Ta tafi. Na tura mutumin cikin ƙofar, na kalli abin da ke bayanta ni kaɗai. Kafin ta dawo da kofi an gama, sunayen waɗanda suka ƙirƙiri wasan ne kawai ke hawa sama. Na karɓi ruwan na sha. A yammacin ranar aka naɗa ni Sarkin Fitila. Bayan 'yan watanni kwamfutar ta mutu, na ji daɗi a raina fiye da yadda na nuna, don babu sauran wanda zai ce in maimaita.

A haka muka girma. Na zama malamin Turanci a wata sakandare, Auta ta yi karatun aikin jinya aka kai ta Kudan, majalisarmu ta koma bakin shagon wani abokina mai gyaran waya a kasuwa, rabinta kuma ta koma guruf a cikin waya. Labarin sarautata yana ta ƙara ƙiba a bakina duk shekara.

Hutun ƙarshen shekarar da ta wuce, lokacin da ake ta dafa mazarƙwaila a ƙauyuka, sai mai gyaran wayan ya turo hoto a guruf. Wani kantin sayar da wasanni na intanet ya yi rangwamen hutu a kan tsofaffin wasanni, kuma ga wasan fitila nan a cikinsu, kuɗinsa bai kai na ƙullin tsire ba. Shi ke da katin da ke sayayya a waje, shi ya saya wa duk mai so. Mu biyar muka saya, magidanta masu furfura a gemu, muna murna kamar an raba mana kayan Sallah.

A ƙarƙashin wasan akwai wurin da 'yan wasa ke rubuta ra'ayinsu, kuma da yake ni ne malamin Turanci, ni aka ba aikin karantawa da fassarawa. Wani ya ce da ya ji kiɗan farkon wasan sai ya tuna ɗakin mahaifinsa da ya rasu. Wani ya ce an sayar masa da tsohon kaya ne, ko kyauta aka ba shi an cuce shi. Wani ya yaba da cewa a da ana yin wasa ne don mai haƙuri, ba kamar na yanzu da ke riƙe maka hannu ba. Amma mafi yawan ƙorafin a kan mai gadin dutsen nan ne na ƙofar ƙarshe. Sun sare shi, sun jefe shi, sun zagaye shi, ba ya mutuwa. Waɗanda suka wuce shi kuwa sun ƙi faɗin yadda aka yi, wai al'adar masu wasan ce, kowa ya gano da kansa.

Da na kama bakina da an wuce wurin. Amma majalisa ta juyo tana kallona, ana cewa ga mai abin nan a zaune. Kaina ya kumbura. Na karɓi waya na rubuta nawa ra'ayin da Hausa a tsakiyar na Turawa, don duniya ta san akwai mu. Na rubuta cewa na gama wasan nan tun ina sakandare, ba wanda ya nuna min, kuma masu kuka da mai gadi su sani wannan wasan maza ne, ba na mata da yara ba. Aka yi ta dariya, aka ɗauki hoton rubutun aka sa a guruf. Sai da na koma gida na tuna mijin Auta yana cikin guruf ɗin.

Kwana tara mai gyaran wayan ya yi ya kai ƙofar ƙarshe, don shi hannunsa na da kyau. Nan ya tsaya cak. Ya ajiye laftof ɗinsa a kan benci bayan la'asar, mutane suka kewaye, ya ce, "To Sarki, bismillah. A nuna wa talakawa."

Sau goma sha ɗaya mai gadin ya murƙushe ni. Na ce maɓallan laftof sun yi min ƙanana. Na ce an canza wasan. Na ce hayaniya ta yi yawa. Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi min ciwo. Daga ƙarshe na roƙi aron laftof ɗin na kwana biyu, wai in dawo da hannuna. Na bincika intanet a ɓoye, ni da na kafa dokar cewa duk wanda ya leƙa amsa a majalisarmu ɓarawon jarrabawa ne. Ban sami komai ba sai wasu masu kuka irina. Rana ta biyu da safe na sa laftof a jaka na hau mashin na kama hanyar Kudan.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince wake a faranti, ranar ba ta da aiki. Ta shimfiɗa min tabarma, ta durƙusa muka gaisa, ta tambayi Inna da matata da yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi maigidan da aiki. Na ja gaisuwar iya yadda za ta jawu. Da ta ƙare na ciro laftof ɗin na buɗe na juya mata shi.

Ta daɗe tana kallon mutumin da fitilarsa. Sannan ta ce, "Yaya, ai na ji an ce wasan maza ne."

Ba ta faɗa da zafi ba, har da ɗan murmushinta. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Auta, ki yi haƙuri." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Ta goge hannu a zani ta ja laftof ɗin kan cinyarta. Ta ɗan lalubi maɓallan, ta tura mutumin har gaban mai gadin. Sai ta ɗauke hannuwanta duka biyu ta ajiye su a gefe. Mai gadin ya taso da gudumarsa. Na ce, "Zai kashe ki fa."

"Bari dai, Yaya."

Ya ɗaga gudumar ya tsaya. Ya tsaya kamar mai sauraro. Sai ya sauke ta, ya koma gefe, ƙofar ta fara buɗewa.

"Abin da ke motsi kawai yake duka," in ji ta. "Kwana shida yana kashe ni. Ranar nan na ji takunka a zaure, na saki komai na ɗauki tsintsiya don kada ka kama ni. Ina tsaye ina kallo ya sauke gudumar. Da ba tsoronka nake ji ba da ban gano ba."

Ta danna maɓallin tsayar da wasan, mutumin yana bakin ƙofa, haske na dukan fuskarsa. Ta ce, "Wai me ke bayan ƙofar ne?"

Na ce, "Ba ki gani ba?"

"Ka aike ni ruwa."

Wallahi a shekara ashirin ɗin nan na sha jin nauyin ƙaryar da na yi wa abokaina, amma ban taɓa tsayawa ko sau ɗaya na yi tunanin cewa ita ba ta ga ƙarshen ba. Ta bi duk ramukan nan da rabin hankalinta a kan zaure, ta kawo mutumin har bakin ƙofa, ni kuma na zauna na kalla. Na buɗe baki zan fara ba ta labari, ta ɗaga min hannu. Ta ce ba ta son ji.

Na miƙe. Akwai kofin silba a kan murfin randa a can gefen madafi, na nufi wurin. Ta ce, "Yaya, zauna mana, in kawo maka." Na ce ta yi zamanta. Na tsaya a bakin randar na juya mata baya, na ciro waya na buɗe guruf. Na rubuta cewa ban taɓa wuce mataki na uku a wasan fitila ba, ƙanwata ce ta gama shi tana shekara sha biyu, a tsakanin shara, kuma a daina kirana da sunan nan. Na tura. Daga bayana na ji kiɗan nan ya tashi, wanda rabona da shi tun ranar da na manta adda.

Na jira har ya mutu. Sannan na ɗebo ruwan na kawo, na rage tsawo na miƙa mata da hannu biyu. Sunaye na hawa sama a gilashin. Ta karɓa ta sha, ta riƙe kofin tana kallon su, idonta ya ɗan yi ja.

"Ashe gajere ne," in ji ta. "Ko minti biyu bai kai ba. Da ka bari na gani, da ruwan ma bai makara ba."