Ranar da Injin Kifi Ya Yi Shiru

Cikin duk abin da ya same ni a zaman aure, akwai wata azahar guda da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Abin mamakin kuma kifi ne ya jawo ta, kifin ma da ba a ci.

A farkon shekarun casa'in ne, muna zaune a Ƙaraye, maigidana malamin gona ne. Wani abokinsa a Kano ya ba shi waɗansu ƙananan kifaye shuɗaye da rawaye, ya ce dangin karfasa ne amma daga manyan tafkunan gabashin Afirka asalinsu yake. Malam ya haɗa musu akwatin gilashi a falo, ya shimfiɗa yashi, ya jera duwatsu. A gefe ya maƙala gwangwani cike da soso da gawayi da tsakuwa, wani ɗan inji yana zuƙo ruwan ya bi ta ciki ya tacu, sannan ya zubo daga sama. Da batirin mota yake aiki, don wutar garin ba abin dogaro ba ce. Injin da ya fara sayowa ƙarami ne, ruwan ya yi ta duhu, sai da ya canza babba.

"Waɗannan akwai ci, akwai kashi, akwai tonon yashi," in ji shi, "ƙaramin mataci ba zai iya da su ba. Kuma ki lura, in saman ruwan ba ya motsi iska ba ta shiga, su kuwa iskar suke shaƙa."

Ni dai sai in ce to. A raina kuwa ina mamakin mutum da gemunsa ya zauna yana renon abin da ko miyar rana ɗaya ba zai yi ba.

Ƙarshen damina surukata ta zo mana kwana biyu daga Ruwan Bago. Inna mace ce mai tsafta har ta wuce misali, randarta ba a taɓa ganinta a buɗe ba. Tun ranar da ta sauka ta ƙi jinin injin nan, ta ce sai gunaguni yake kamar cikin mai jin yunwa. A lokacin 'yarmu ta fari ba ta wuce shekara uku ba. A gaban Inna ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, ko faɗuwa ta yi sai in kau da kai, haka aka koya mana.

Ranar da abin ya faru, Malam ya tafi duba gonaki a Tudun Kaya. Da safe ɗan garuwa ya cika mana randa daga rijiyar unguwa, na ɗiba na ƙara wa kifayen kamar yadda na saba, na bar yarinyar wajen kakarta na tafi barkar haihuwa. Zafi ake yi mai gumi, irin wanda ko ganye ba ya motsi.

Da na dawo na shiga falo in ajiye mayafi, sai na ga an rufe saman akwatin da tabarma. Na ɗaga. Kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki suna rufewa, launinsu ya koɗe, babban shuɗin da Malam ya fi so ya kife cikinsa sama. Salatin da na yi ne ya kawo maƙwabciyata da gudu. Tana leƙawa ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ruwan ina kika zuba musu?"

"Na randa mana, na rijiya."

"Wallahi da safen nan na ga masu feshin wake suna wanke tankinsu a bakin rijiyar."

Na saki tabarmar. Kowa a garin ya san abin da maganin feshi yake yi wa akuya in ta sha, balle ɗan mutum. Na juya wajen Inna da ta fito daga ɗaki, na ce, "Inna, yarinyar ta sha ruwan randa?"

"Ta sha mana, da zafin nan. Ga ta can ta yi barci tun ɗazu."

Ina kunya a ranar? Na faɗa ɗakin ina ƙwala kiran sunanta da bakina, a gaban surukata. Tana kwance sharkaf da gumi, na girgiza ta, ta buɗe ido kaɗan ta sake lumshewa, kanta ya langaɓe a kafaɗata. Na rungume ta ina kuka. Maƙwabciyata ta fita neman mai babur a kai mu asibiti, tana tafe tana gaya wa gidaje kada kowa ya sha ruwan rijiya. Inna ta durƙusa gabana, ta ce, "Ki yi shiru mu ji numfashinta."

Na haɗiye kukan. Gidan ya yi tsit, ina jin numfashin yarinyar yana fita a hankali. A cikin tsit ɗin nan ne na ankara akwai abin da kunnena ya rasa. Gunagunin da na saba ji dare da rana babu shi.

"Inna, wa ya kashe injin?"

"Ni ce. Na ga bayin Allah suna ta bina da baki, na watsa musu dusa, ruwan ya dagule. Shi kuma abin nan sai ƙara dama shi yake. Na zare igiyar na rufe don ya kwanta. Ai ruwa sai ya kwanta yake kyau."

Gaskiyarta ce, a randa. Duk macen da ta tashi a ƙauye haka ta san ruwa. Maganar Malam ta faɗo mini, wadda nake amsawa da to. Na ce a raina, in guba ce ko me na yi kifayen nan ba za su farfaɗo ba, in kuwa iska suka rasa zan gani da idona. Na miƙa wa Inna yarinyar, na maƙala wayar a batir. Injin ya yi tari ya kama, amma dusa ta toshe sosan, ruwan sai ɗiga yake. Na zaro sosan na matse shi a cikin ruwan da na ɗebo daga akwatin, na mayar. Sannan na ɗauki ƙwarya ina kamfatar ruwan ina kwararo shi daga sama kamar mai fifita kunu, ina yi ina addu'a, idona ɗaya kan kifi ɗaya kan 'yata.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, kafaɗata dai ta yi tsami. Can sai wani ɗan rawaya ya bar saman ruwan ya nutse, ya je ya shige tsakanin duwatsu. Wani ya bi shi. Da na ga guda ya kori ɗan'uwansa daga raminsa, faɗan da kullum yake ba ni haushi, sai na zauna daɓas a ƙasa na fashe da wani sabon kukan. A daidai nan yarinyar ta miƙe a cinyar kakarta tana mutsuke ido, ta ce tana son gyaɗa.

Duk da haka mun hau babur mun je asibiti, aka duba ta aka ce lafiyarta ƙalau, barcin zafi da gajiyar wasa ne. Daga baya aka gane ruwa kawai masu feshin suka ja a rijiyar, can bayan gari suka wanke tankin. Babban shuɗin dai bai tashi ba. Da Malam ya dawo ya ji labari, ya kalli kifin, ya kalli 'yarsa, sai ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, sannu da tashin hankali."

Inna ba ta taɓa yi mini maganar kiran sunan nan ba, ni ma ban tayar ba. Amma sauran kwanakin da ta yi, in ta idar da salla sai ta leƙa falo ta kasa kunne, ta ce, "Yana yi."

Abin da ranar ta koya mini shi ne, yadda ka saba kula da abu ba lallai ne shi yake buƙata ba; da kyakkyawar niyya Inna ta kusa kashe kifayen nan, don ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata amfanin ƙarar da take ƙi. Yau 'yar tawa tana da nata 'ya'yan. Har gobe in suka zo gidana suka cika shi da hayaniya ba na tsawatarwa. Sai na ji sun yi shiru nake tashi in duba.